Hoton Biki Ba Ya Shiga Kasuwa

Tela in ya ɗinka riga mai ita ya ƙi biya, sai ya rataye ta a bakin shago, wata rana wani zai taya. Mai ɗaukar bidiyo kuwa ba shi da wannan gata, domin hoton bikin gidan wani duk duniya ba mai sayensa sai mutanen gidan. Wannan ita ce babbar matsalar sana'ar da nake yi lokacin hutu don in sami kuɗin makaranta, ina yawo da kyamara tsakanin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa.

Mutumin birni zai ce, "To, ka riƙe aikin mana sai an biya." Lalle ana riƙewa, amma riƙon ba ya mayar da kuɗin man babur daga Kwanar Ɗangora zuwa Riruwai, ta cikin dajin Falgore, balle hayar janareta da kwana uku na tace hoto. Ni ina riƙe da abin da ba zan iya sayarwa ba, su kuma suna son abin da ba za a sake ɗauka ba, tun da amarya sau ɗaya ake kai ta. Watau dole a shirya.

Abin da na fara koya shi ne bambanta marar hali da mai taurin bashi. Jama'ar wannan yanki manoma ne, kuɗinsu yana bin amfanin gona. Manomin shinkafa a Tudun Wadar Ɗankadai, ko na masara a Doguwa, in ya ce sai kaka, yawanci gaskiya ya faɗa. Haka kuma a farkon 2023, da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har masu hali sun rasa abin biya. Irin waɗannan sai a yanka musu rana, a yi haƙuri.

Mai taurin bashi shi ne wanda ba ya ganin aibin aiki sai ranar biya. Na taɓa ɗaukar wani biki a wani ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Tiga. Yayan ango ya ba da rabin kuɗi, da aka gama ya ce ba zai cika ba, wai ba a nuna kawunsu sosai ba. Ban yi musu da shi ba, sai na tafi wurin waliyyin ango, wanda a gabansa muka yi ciniki. Na durƙusa na ce, "Baba, ga takardar da ka sa wa hannu." Tsohon ya duba, ya ce, "Ɗana, je ka dawo ranar kasuwa." Ranar kuwa na karɓi haƙƙina cif.

Ka ga, ɗan'uwa mai karatu, takarda da shaida ne suka cece ni, kuma ba daga Turawa muka aro su ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Saboda haka ba na ɗaukar kyamara sai an ba da kafin alƙalami, an rubuta sauran da ranar biyansa, kuma wani dattijo da ake jin kunyarsa ya shaida. Ɗan siyasa kam sai ya biya duka kafin taro, don in zaɓe ya wuce ganinsa sai a jikin bango.

Akwai 'yan'uwanmu da kan yi barazanar watsa hoton amarya a Facebook in an hana su kuɗi. Wannan cin amana ne. An shigar da kai har cikin gida, wurin da baƙo ba ya zuwa, kuma amaryar ba ita ta ci bashinka ba. In dattijo ya gaza akwai mai unguwa da dagaci, in sun gaza akwai alƙali. Kuɗin da aka hana ka wani bikin zai mayar, amma duk ranar da aka ce wane ba ya riƙe sirrin gida, daga Bebeji har Doguwa ba wanda zai ƙara ɗaga maka labule.