DAGA AGADAS ZUWA TIMIYA: Yadda ruwan dare ɗaya ke share hanyar mota a Abzin

Idan aka ce Sahara, abin da ke fara zuwa a ran yawancinmu shi ne rairayi da zafin rana da raƙumi, sai kuma irin motocin nan da muke gani a finafinan Turawa da na Indiya suna tsalle a kan tuddan yashi, jarumi yana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya. To mai karatu, akwai wata fuskar hamada da ba kasafai kyamara ke nuna maka ba, wato hamada bayan ruwan sama. Duk direban da ya san aikinsa a ƙasar Abzin zai faɗa maka cewa ya fi jin tsoron ruwa a kan rana.

Za ka ce wane ruwa kuma a hamada? Ruwan da ake samu a Agadas a shekara guda bai wuce milimita 110 ba ko kusa da haka, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da Kano ke samu ba. Matsalar ita ce kusan dukkansa yana sauka ne a watannin Yuli da Agusta, a 'yan kwanaki ƙalilan, kuma a kan duwatsun da ba sa shan ruwa. Sai ya gangaro gaba ɗaya ya shiga busassun koramu, waɗanda mutanen can ke kira kori. Hanyar mota kuwa a cikin Abzin, ko dai tana tsallaka kori ne, ko kuma ita kanta korin ce hanyar.

AGADAS, ƘOFAR SHIGA

Wanda ya taso daga Kano zai bi ta Damagaram, daga nan ya miƙe arewa ta Tanut da Aderbisinat, tafiyar kusan kilomita 450 kafin ya hango hasumiyar babban masallacin Agadas. Hasumiyar ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, an fara gina ta a 1515, aka sake gina ta a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Bahaushe ba ya zama baƙo a nan, domin da Hausa ake ciniki a kasuwa, da ita ake faɗa a tasha. Masu son fim kuma su sani cewa a nan aka ɗauki wani ɓangare na "The Sheltering Sky", fim ɗin darakta Bernardo Bertolucci na 1990.

Daga Agadas zuwa Timiya kimanin kilomita 220 ne, arewa maso gabas. A kan kwalta wannan tafiyar awa uku ce. A nan kuwa ko da rani wuni guda take ci, da damina kuma babu mai yi maka alƙawarin ranar isa. Motar da ake shiga ita ce wadda 'yan Nijar ke kira kat-kat, wato mai ja da ƙafa huɗu, yawanci Toyota Land Cruiser ko Hilux. Mu a ƙarshen watan Agusta muka tashi, motoci uku a jere, domin ba a shiga wannan hanya da mota ɗaya.

Direbanmu wani dattijo ne Ba'abzine, rawaninsa ya rufe fuska sai idanu. Kafin mu tashi sai da ya ƙirga kayansa ɗaya bayan ɗaya: tayoyin safiya biyu, shebur biyu, igiyar jan mota, famfon iska, jarkokin mai da na ruwa, da wasu dogayen faifan ƙarfe masu huji-huji da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin taya idan mota ta kafe. Na ce masa, "Baba, wannan kaya haka kamar za mu yi hijira?" Ya ce, "Ɗana, wanda ya bar shebur a gida da hannunsa zai yi haƙa."

RUWAN DA BA KA GA HADARINSA BA

Daren da ya gabata an yi guguwa. A can ƙura ce ke fara zuwa, ja wur, ta rufe gari har mutum ba ya ganin ƙofar gidan maƙwabcinsa, sannan ruwa ya biyo baya. A cikin gari yayyafi kawai aka yi, amma an ga walƙiya tana ta wasa a kan duwatsu ta arewa. Wannan walƙiyar ita ce labarin da direbobi suka kwana suna tattaunawa.

Hanyar tana bin kwarin Telwa ne zuwa Dabaga, mai nisan kilomita 45 ko makamancin haka. Telwa ita ce korin da mutanen Agadas ba za su manta da ita ba, domin a farkon Satumbar 2009 ta ɓalle ta shiga gari, ta rusa dubban gidaje na ƙasa. Da muka iso mashigar farko sama tas take, ko gajimare babu, amma ga ruwa nan ja kamar kunun kanwa yana gudu, yana ɗauke da rassan itace da ciyayi. Ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa ne tun cikin dare, sai yanzu ya iso. Shi ya sa dokar farko a Abzin ita ce ba a kwana a cikin kori, kome laushin yashinta da daɗin inuwarta. Mutum na barci a ƙarƙashin taurari, sai dai ya ji ruri kamar na tirela, kafin ya naɗe tabarma ruwa ya iso.

Wani saurayi a cikinmu, wanda da ma tun daga tasha yake ba mu labarin gudun da yake yi a titin Zariya, ya ce, "Haba Baba, wannan ai bai kai gwiwa ba, a danna mata wuta kawai mu wuce!" Dattijon bai ce masa uffan ba. Ya sauko, ya kafa wani ɗan kara a daidai bakin ruwan, ya fito da butar shayi ya hura gawayi. Karan nan shi ne agogonsa: idan ruwa ya haye shi, to ƙaruwa yake yi, idan ya janye ya bar shi a tudu, an kusa tafiya.

Dattijon yana da gaskiya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa ko babbar kat-kat zai iya tafiya da ita. Ga shi kuma ba ka ganin ƙasan, ba ka san inda ya zaizaye ya bar rami ba. Idan ruwa ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, injin ya gama yawo, domin fistin yana matse iska ne, ba ya iya matse ruwa, sai ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe. Dalilin ke nan da za ka ga wasu motocin da wani baƙin bututu da ya hau gefen gilashin gaba har saman rufi, ta can sama suke shaƙar iska.

Awa huɗu muka yi a wurin. Aka sha shayi zagaye uku kamar yadda al'adar Abzinawa take, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Da ruwan ya janye, yaron mota ya naɗe wando ya shiga da sanda yana dungurar ƙasa, ya nuna inda tsakuwa take. Dattijo ya sa ƙaramin giya, ya shiga a hankali, bai ƙara wuta ba, bai rage ba, bai kuma taɓa kuloci ba har muka haye. A can tsallake ya riƙa ɗan taka birki yana tafiya don ya bushe. Motoci biyun suka bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya.

TABON DA KE SHIGAR BURTU

Abin mamaki shi ne yashi ya fi daɗin tuƙi bayan ruwa, domin danshi yana haɗe shi ya yi tauri. Inda ake shan wuya shi ne fadamun laka. Rana na fitowa sai samansu ya bushe ya tsattsage kamar fako, alhali ƙarƙashi tabo ne zalla. A irin wannan wuri, bayan mun wuce Dabaga, motar tsakiya ta nutse har ciki ya zauna a ƙasa.

A nan ne za ka gane bambancin direba da mai riƙe sitiyari. Wanda bai sani ba zai ta danna totur, tayoyi su yi ta juyawa suna haƙa wa motar kabari. Su kuwa nan take suka kashe inji, kowa ya sauko. Aka yashe gaban tayoyi huɗun da shebur, aka rage musu iska kusan rabi don su baje su kama ƙasa sosai, aka cusa faifan ƙarfen nan, motarmu ta tsaya can a kan tsandauri aka ɗaura igiya. Dattijo ya kore mu daga kusa da igiyar, ya ce idan ta tsinke ba ta san na gida ba. Sau uku ana ja kafin ta fito. Saurayin nan na titin Zariya shi ya fi kowa aiki da shebur, kuma tun daga nan ba mu ƙara jin labarin gudu ba.

Kafin mu shiga duwatsun Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sai da aka tsaya aka mayar wa tayoyi iskarsu, domin taya mai laushi ba ta jure kaifin dutse. Sawun motocin da suka wuce a makon jiya kuwa duk ruwa ya shafe. A wasu wuraren bakin korin ya zabtare ya zama gangare mai tsayin mutum, dole a sauka a nemi wata mashigar da ƙafa, a jera duwatsu. Dattijo yana gane hanya ne da siffar tsauni da tsofaffin itatuwa. Muka kwana a kan tudu, aka gasa mana tagella, gurasar Abzinawa da ake binnewa a cikin yashi mai zafi da toka, a kakkaɓe ta a gutsuttsura a miya.

TIMIYA

Washegari da la'asar muka shiga Timiya. Kai, abin sai wanda ya gani! Bayan kwana biyu kana kallon baƙaƙen duwatsu, sai ga kore shar a tsakiyarsu: dabino, lemun zaƙi, lemun taɓa, rumman, ga kunyoyin kayan lambu. A saman tudu akwai tsohuwar ganuwar sojan Faransa, daga can kana ganin garin gaba ɗaya. Kafin a shiga gari kuma akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse zuwa wani tafki, wanda bayan ruwan sama har ƙararsa kake ji daga nesa. Ciyawa ta tsiro a gefen hanya, awaki da raƙuma sun baje suna kiwo.

Wani mai lambu da muka zauna da shi ya yi dariya da ya ji muna ƙorafin hanya. Ya ce su kam ranar da kori ta kawo ruwa ranar murna ce, domin ruwan da ke nutsewa cikin yashinta shi ke cika rijiyoyin da za su yi ban-ruwa da su har wata daminar. Shekarar da kori ba ta gudana ba, lambu ya shiga uku. Amma ruwan nan dai shi ne idan ya yi yawa yake cinye gonakin bakin kori, ya kuma datse hanyar da za a kai amfanin gona kasuwar Agadas, ko a fita da mara lafiya ko mai naƙuda zuwa babban asibiti. Abin da mu baƙi muka ɗauka yawon buɗe ido, su rayuwarsu ce ta kowace shekara.

Daga Timiya hanya tana ci gaba arewa, ta wuce kufan Asode, tsohon babban birnin Abzin, zuwa Iferwan. Gabas da nan kuma Tenere ce, tekun rairayi. Yankin Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, ya shiga jerin UNESCO a 1991. A Tenere ɗin ne wata itaciya tilo ta rayu ita kaɗai a tsakiyar hamada, har wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Yanzu gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a madadinta. Ka ji fa, duk faɗin hamada a rasa abin karo sai itaciya ɗaya!

KAFIN KA ƊAURA JAKA

Ga masu sha'awar zuwa, kada a ɗauki abin da wasa. A Iferwan ne aka fara tawayen 2007, wanda ya kai har 2009, aka kuma dasa nakiyoyi a wasu hanyoyin yankin a lokacin. A 2025 ma an sace wasu Turawa a cikin garin Agadas. Saboda haka a fara tambayar hukuma halin da hanya take ciki, a bi ƙa'idar da suka gindaya, a ɗauki direba ɗan ƙasa wanda aka san shi a tasha. A bar wa 'yan'uwa labarin inda aka nufa da ranar da ake sa ran dawowa, domin da zarar an shiga duwatsu waya sai a hankali. A ɗauki ruwa da abincin da zai wuce kwanakin da aka ƙiyasta.

Wanda ke son tafiya mai sauƙi ya bari sai tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin koramu sun bushe, sai dai a tanadi bargo don sanyin dare ba ya wasa. Wanda kuma ya nace sai ya ga Abzin tana kore, to ya zo da haƙurin zama a bakin kori, ya bar dattijo ya kafa karansa. Allah Ya tsare matafiya, Ya kai kowa gida lafiya.