Alkawarin Janar da Shirun Bebe

A daren 1 ga Disamba 2024 hunturu ya sauka Damagaram da wuri, har masu shayin bakin hanya suka matsa jikin murhunsu. A farfajiyar wani kwaleji, wata ƙungiyar malamai masu sha'awar al'adu ta ɗaure farin zane tsakanin itatuwan dogon yaro biyu, aka fito da bencina daga azuzuwa. An gaya wa ɗalibai fim ɗin yaƙi za a nuna, saboda haka suka zo da yawa, kowa da mayafinsa, suna tsammanin ganin jirage da wuta da jarumin da harsashi ba ya ci. Abin da aka haska musu shi ne Camp de Thiaroye, na Sembène Ousmane da Thierno Faty Sow, wanda ya fito a 1988. Tsawonsa ya kai kusan awa biyu da rabi, kuma ba a soma ɓarin wuta a cikinsa sai ya zo gab da ƙarewa. Kafin a kai rabi, bencinan baya sun zama wayam.

Cikin waɗanda ba su tashi ba akwai tsohon mai gadin makarantar, mutumin da ya haura shekara saba'in, wanda bai zo don kallo ba. Jira yake a gama ya kulle ƙofa. Yana zaune nesa a kan tabarmarsa da carbi a hannu, bayansa jingine da bango, sai ya ji sojojin cikin fim ɗin sun buɗe baki. Ya miƙe, ya naɗe tabarmar, ya matso har gaban zanen inda ƙananan yara ke zama.

Abin da ya taso shi harshe ne. Sojojin nan baƙaƙe, waɗanda Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais ko da yake ba duka ne ƴan Senegal ba, an kwaso su daga ƙasashe dabam-dabam na mulkin mallaka, har a fim ɗin suna kiran juna da sunan ƙasa: wannan Nijar, wancan Gabon. Babu harshen uwa guda da ya haɗa su. Abin da suke da shi kawai wani gurgun Faransanci ne, wanda aikatau ba ya sauya siffa a cikinsa, wanda "ni" da "kai" ke tsaye ƙiƙam a gaban kowace jimla. Da irin wannan Faransanci mahaifin mai gadin ya dawo daga yaƙin Jamus. Da shi yake yi wa jaki tsawa, da shi yake mafarki da ƙarfi cikin dare. Yaran unguwa kan bi shi suna kwaikwayonsa, ɗansa kuma, wanda ya ɗan zauna lakwal har ya san yadda ake jera aikatau, yakan sunkuyar da kai don kunya. Shekara sittin ke nan yana ɗauka cewa ubansa ya yi ƙoƙarin koyon harshen Nasara ne ya kasa.

Ba kasawa ba ce. Tun a 1916 aka buga wani ɗan littafi a Faransa mai suna Le français tel que le parlent nos tirailleurs sénégalais, domin hafsoshi su san yadda za su sauƙaƙa harshensu idan suna ba da umarni. Wato da gangan aka rage wa harshen gaɓoɓi kafin a miƙa shi, sannan aka juyo ana dariyar wanda ya karɓa. Sembène ya san wannan sarai, don shi ma ya sa kakin sojan Faransa a 1944, kuma marubucin tarihin rayuwarsa, Samba Gadjigo, ya nuna cewa a nan Nijar ya yi aikin sojansa. Abin da ya yi a fim ɗin shi ne ya bar mutanen nan su yi shawara da wannan harshe, su yi gardama, su zaɓi wakilai, su yi lissafin kuɗi, su yi ta'aziyya. Harshen da aka ƙera don karɓar umarni sai ga shi ana ƙin umarni da shi. Malamin Faransanci da ya saba jan layi da jar tawada a ƙarƙashin irin waɗannan jimloli, idan ya zauna ya saurare su awa biyu, zai ga babu ko ɗaya da ma'anarta ta ɓace masa.

Labarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Sojoji sun sauka daga jirgin ruwa a Dakar a ƙarshen 1944, aka kai su sansanin Thiaroye, wanda ake furtawa Caroy, su jira sallama da haƙƙoƙinsu. Sansanin na kewaye da waya mai ƙaya da hasumiyoyin tsaro. Abinci ba ya ciwuwa. Kakin Amurka mai kyau da suka dawo da shi aka karɓe, aka mayar musu da gajeren wando da jar dara. Daga nan aka zo kan kuɗi: za a canza musu abin da suka tara a kan rabin farashin da ya kamata, ana kuma zargin cewa ba ta hanyar halal suka same shi ba. Kowane mataki ƙarami ne, irin wanda za a iya cewa a yi haƙuri. Gwanintar fim ɗin ita ce jera su a hankali, ba gaggawa, har mai kallo ya gane cewa tuɓe mutanen ake yi, ana mayar da su yadda suke kafin su ga Bature yana gudu, yana kuka, yana mutuwa kamar kowa.

Mutum biyu ne ke riƙe da fim ɗin, kuma a kan harshe aka bambanta su. Na farko shi ne saje Diatta, wanda ya yi karatu, yana Faransancin da ya fi na wasu hafsoshin tsabta, yana jin Ingilishi, yana karanta littattafai, yana sauraren kiɗan Turai da na baƙaƙen Amurka, matarsa ma Bafaranshiya ce. Idan har iya magana na kuɓutar da mutum, to shi ne ya kamata ya kuɓuta. Amma ya shiga Dakar da kakin Amurka, aka yi masa maraba a wata mashaya har lokacin da aka gane ɗan Afirka ne, sai aka kore shi. Ƴan sandan sojan Amurka kuma suka yi masa dukan da ya karya masa hannu. Iyayensa ma sojojin Faransa ne suka kashe su a ƙauyensu na Kasamansa yana can yana yi wa Faransa yaƙi. Na biyu shi ne wanda ake kira Pays, wanda Sidiki Bakaba na Kodibuwa ya fito a matsayinsa. Ya fito daga sansanin Buchenwald ba ya magana, sai gurnani, yana yawo da hular kwanon sojan Jamus a kansa. Tun ranar farko ya je ya shafa wayar nan mai ƙaya, ya ɗaga kai ya dubi hasumiya. Shi kaɗai ya gane inda aka kawo su, shi kaɗai kuma ba shi da bakin faɗa.

Da tura ta kai bango, sojojin suka tsare janar ɗin da ya zo sansanin. Ya yi musu alkawari, da darajarsa ta hafsa, cewa za a biya su daidai. Suka sake shi, suka kwana suna rawa. A nan ne tsohon mai gadin ya yi maganarsa ta farko a daren, ba da kowa ba, da zanen yake yi: "Kayya! Ku ƙirga tukuna." Yaran da ke kusa da shi suka yi dariya, ba su san daga inda maganar ta fito ba. Ubansa, har ya koma ga Allah, bai taɓa sayar da ko tunkiya bashi ba, bai kuma taɓa barin gaban mai biyan fansho ba sai ya ƙirga kuɗin sau biyu a kan idonsa. Ƴan garinsu na cewa yaƙi ne ya taɓa masa hankali.

Sai dare ya tsala. Pays na saman hasumiya, ya hango tankokin yaƙi suna tahowa. Ya sauko a guje yana tashin mutane, yana nuni, yana gurnani, suka ɗauka haukarsa ce ta motsa, suka koma barci. Maganar janar mai daɗin ji an gaskata ta, gargaɗin bebe an yi watsi da shi. Wanda ya ga wannan wuri sau ɗaya ba ya manta shi, kuma a farfajiyar kwalejin nan ko tari ba a ji ba har wuta ta lafa, waɗanda suka tsira suka shiga haƙa kaburbura, sannan aka nuna sababbin ƙurata suna hawa jirgin ruwa zuwa Faransa.

Fim ɗin ba shi da tsarki daga aibi, kuma ba a yi masa adalci ba idan aka ɓoye hakan. Hafsoshin Faransa, in ban da kyaftin Raymond mai kare sojojin, an zana su da gawayi ne kawai, mugunta tsantsa babu inuwa, wasansu kuma a sandare. Akwai wuraren da labari ke jan ƙafa har mai haƙuri ya duba agogo. Ta fuskar tarihi ma an sauya abubuwa. Yawancin fursunonin yaƙi baƙaƙe ba a Jamus aka tsare su ba, a sansanonin da Jamusawa suka kafa cikin ƙasar Faransa ne. Kisan kuma ba cikin dare aka yi shi ba: da safiyar 1 ga Disamba 1944 aka tara mutanen a fili, aka buɗe musu wuta da bindigogi masu jigida. Ana iya cewa gaskiyar ta fi fim ɗin muni, domin wanda ya harbi mai barci cikin duhu aƙalla bai dubi idonsa ba. Amma Sembène na bukatar daren nan saboda beben. Da rana kowa na gani; sai cikin duhu ne ake dogara ga shaidar mutum guda, a yarda da shi ko a ƙi.

Abin da ya biyo bayan kisan shi ma rikicin kalmomi ne. Jirgin Circassia ya taso daga Morlaix ranar 5 ga Nuwamba 1944, ya iso Dakar ranar 21 ga wata. Kwana goma bayan haka rahoton soja ya ce an yi tawaye, an murƙushe shi, mutum 35 sun mutu. Wani rahoton na lokacin ya ambaci 70. Masana tarihi irin su Armelle Mabon na ganin adadin ya kai ɗaruruwa. A 1945 aka gurfanar da mutum 34 cikin waɗanda suka tsira, aka ɗaure su. Fim ɗin da kansa, wanda Senegal da Aljeriya da Tunisiya suka haɗa hannu suka shirya, ya sami babbar kyautar alƙalai a bikin silima na Venise a 1988, amma ya yi shekara goma bai sami shiga gidajen silimar Faransa ba. A 2012 François Hollande ya yi maganar danniya mai zubar da jini. Sai ranar 28 ga Nuwamba 2024, kwana uku kafin wannan zama na Damagaram, aka bayyana wasiƙar da Emmanuel Macron ya aika wa shugaban Senegal Bassirou Diomaye Faye, inda ya yi amfani da kalmar massacre. Shekara 80 ƙasar da ke alfahari da ƙamus ɗinta ta yi tana neman kalma guda.

Ƴan Nijar ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun 1969 Oumarou Ganda, wanda ya yi yaƙin Indocin da ƙafarsa, ya nuna a Cabascabo yadda tsohon soja ke dawowa gida da ɗan abin hannunsa, abokai da maroƙa su cinye, a watse a bar shi. Ganda ya nuna abin da gida ke yi wa wanda ya dawo. Sembène ya nuna waɗanda ba a bari sun iso gidan ba. Ya kamata a riƙa nuna su a jere.

Da aka kunna fitila, wani matashin malamin tarihi ya tashi ya yi bayanin wasiƙar Macron ga ƴan tsirarun da suka rage. Mai gadin ya jira har aka fara mayar da bencina, sannan ya matso kusa da shi.

"Mushe, wannan kalma da ka ce ya faɗa, mene ne ita da Hausa?"

"Kisan kiyashi ke nan, Baba."

Tsohon ya jinjina kai. "To, ai mu muna da ita tun tuni."

Ya ɗan yi shiru, ya ce babansa bai kasance a Caroy ba, a wani jirgin ya dawo, bayan shekara guda, amma ta Dakar ɗin ya biyo. Bai taɓa ba su labarin komai ba, in ban da sanyi, da dankalin da suka yi ta ci a wurin Jamusawa. Su ma ba su taɓa tambaya ba.

Washegari da hantsi, malamin na fitowa daga aji, ya tarar da shi a bakin ƙofa da wani ƙunshi cikin tsohon zane. A ciki akwai ɗan littafin soja wanda gefensa ya cinye, da lambar girma guda da tsatsa ta kama. Ya ce tun rasuwar mahaifinsa littafin ke cikin adaka, shi kuwa ɗan karatun da ya yi bai kai ga irin wannan rubutun hannu ba. Malamin ya buɗe a hankali. An rubuta sunan mutumin yadda kunnen magatakardan Nasara ya ji shi, har da ƙyar ake gane sunan Bahaushe ne. A wurin ranar haihuwa an sa shekara kawai, da kalmar da ke nufin "wajen". Sai lamba, sai jerin kwanan wata da sunayen garuruwan Faransa, kowanne da hatimi.

"Karanta mini duka, Mushe," in ji shi, yana gyara zama a kan benci. "Kada ka fassara tukuna. Karanta da Faransancin."