Daga Tasawa zuwa Mayahi: sabuwar fitila ta shiga karkara

Jama'a manoma da makiyaya, a wannan wata mun zagaya ƙasar Tasawa da ta Mayahi.

Tasawa tana bisa babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram. Mayahi kuwa tana arewa maso yamma da ita, a bakin Gulbin Kaba. Tsakaninsu jigawa ce, da gonakin hatsi da wake, da itatuwan gawo. Wanda ya bi ta nan da rana zai ce ba abin da ya sake. Sai dare ya yi ake ganin sabon abu.

A bakin tasha, mai shayi da mai tsire da mai tebur kowa ya rataya ƴar fitila fara tas. A ƙauyuka, ɗan lakol yana bitar karatu a tsakar gida. A ruga, makiyayi yana haska garke da tocila, yana duba saniya mai haihuwa, yana kaucewa kunama da maciji.

Dattawa sun san zamanin aci-bal-bal. Bayanta aka yi fitilar ƙwai mai shan kananzir. Tana cin kuɗi, tana hayaƙi mai sa tari, in ta faɗi cikin bukka kuma sai gobara. Yau kusan duk tocilar da ke kasuwa tana da wani ɗan ƙwan fitila da ake kira LED.

Mene ne LED?

Tsohon ƙwan lantarki yana da siririyar waya a ciki. Sai wayar ta yi zafi ƙwarai kafin ta ba da haske. Kashi 9 cikin 10 na wutar da yake sha, zafi yake zama. Asara ke nan. LED ba shi da wannan waya. Wani ɗan ƙanƙanen abu ne, bai fi ƙwayar hatsi ba, wanda yake haske in wuta ta ratsa shi. Rubu'in wutar da tsohon ƙwai yake sha ya ishe shi, har da saura. Mai kyau yana iya daɗewa sau 25 fiye da tsohon.

Masana uku ƴan asalin ƙasar Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka gano yadda ake yin LED mai shuɗin haske. Daga shi aka samu farin da muke gani. A shekarar 2014 aka ba su babbar lambar yabo ta Nobel saboda wannan aiki.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Wutar da kamfanin Nigelec yake rabawa a jihar Maraɗi, wani kaso nata daga Najeriya yake zuwa. Waya ta taso daga Katsina ta sauka Gazawa, kusa da Tasawa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar, ba ta maido ba sai watan Maris na 2024. Birane sun sha duhu. Ƙauyuka da yawa kuwa, tun asali turakun waya ba su kai gare su ba. Don haka ne gwamnati ta kafa hukumar ANPER a 2013, mai aikin kai wuta karkara.

Amma tun da LED cinsa kaɗan ne, ba lalle sai an jira waya ba. Ɗan farantin sola mai faɗin tafin hannu, in ya wuni a rana, yana cika batirin ƴar fitila ta yi sa'o'i tana haske. Rana kuwa ba mu rasa ta ba, kuma ba wanda zai yanke mana ita.

Ga shawara

Ɗan'uwa, yi lissafi. Pil nawa kake saya kowace ranar kasuwa? Tara kuɗinsu na shekara guda, ka gwada da kuɗin fitila mai sola.

In za ka saya, kada araha ta ruɗe ka. Kasuwa cike take da jabu, masu mutuwa kafin damina ta zagayo. Nemi mai takardar garanti, ka tambayi maƙwabcin da ya riga ka saya.

Ka aje farantin inda ba inuwa. Lokacin hunturu ka riƙa share masa ƙura da tsumma mai laushi, don ƙura tana tare rana. Ita fitilar kuwa, a aje ta a inuwa, zafi yana kashe batir.

Pil da batirin da suka mutu suna da guba. Kada a yar da su a gona, ko bakin rijiya, ko cikin wuta. Kada a bar yara su fasa su, ko bisashe su lasa. A tara su cikin gwangwani mai murfi, nesa da ruwa.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa ƴan'uwansa wannan labari a dandali. Allah ya ba mu damina mai albarka.