Abin da Waƙoƙin Tsoro Suka Koya Mini

Sabon shiga ne ni a karatun waƙa. Kimiyyar kwamfuta na karanta, kuma rubuta manhaja nake yi in ci abinci. A bara wani abokin aikina ya turo mini waƙar Edgar Allan Poe, mawaƙin Amurka, wadda aka buga a 1845: wani mutum ne yana makokin masoyiyarsa da tsakar dare, hankaka ya shigo masa ɗaki, duk tambayar da ya yi sai ya mayar masa da kalma ɗaya. Na karanta ta sau uku, tsigar jikina na tashi.

Da na nemi irinta a Hausa, sai na tarar mun daɗe da tamu. Waƙoƙin wa'azi irin su Gangar Wa'azu da Baƙin Mari da Jan Mari ba su sassauta wa mai sauraro ba: suna kai shi gargarar mutuwa, su sa shi a kabari, su nuna masa wuta. Haka ma wasu sassa na Infiraji ta Aliyu Namangi, makahon mawaƙin Zariya, wadda muka taso muna jin makafi na rerawa a kasuwa, mu wuce ba mu saurara ba.

Bambancin da na gani shi ne, Poe yana rufe ka a ɗaki ya tafi da makulli. Malamanmu kuwa sukan razana ka ne don su nuna maka ƙofar tuba.

Wataƙila asalina ne ya sa waƙoƙin suka kama ni. Mu mutanen Kirikasamma mun san tsoron dare. Kogin Haɗeja shi ke ba mu shinkafa da kifi, shi ne kuma idan kachala ta toshe masa hanya, damina ta yi nauyi, yake fasa jinga. A ambaliyar 2022 an kwana ana cika buhuna da ƙasa, ana sauraron ruwa cikin duhu, ɗakunan laka suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Bayan ruwa ya janye, aka ƙirga gonaki da gidaje. Fargabar da ta zauna a ƙirjin yara kuwa ba ta shiga lissafi ba.

A wurin aikinmu, kafin mu saki manhaja sai mun zauna mun hasko mafi munin abin da zai iya faruwa da ita. Waƙar tsoro ma abin da take yi wa zuciya ke nan: tana sa ka dubi abin da kake gudu tun kana da sauran numfashi.

Shi ya sa nake roƙon matasan marubutanmu na fadama: kada ku tsaya ga waƙar soyayya kaɗai. Ku rubuta mana daren da ruwa ya shigo gari, tun waɗanda suka ji ƙararsa suna raye.