Ranar Da Injin A-kori-kurata Ya Buga

Masu iya magana sun ce jiki magayi. Ban san zurfin wannan magana ba sai a cikin watan Nuwamba na 2024, ranar da injin motata ya buga a kan wani hawa tsakanin Efon Alaaye da Ilesha, ga huhunan goron mutane jibge a baya, ga magariba ta kawo jiki. Motar nan tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Toyota Hilux, ita ce gonata, ita ce kasuwata, da ita nake ɗauko goro daga ƙauyukan Ekiti da Oshun zuwa Sabon Ibadan.

Da aka jawo ta gida bakanike ya buɗe, ya kaɗa kai, ya ce gyara ya ƙare, sai dai a nemo wani injin na tokumbo. Kuɗin da ke hannuna kuwa na adashi ne, wanda na tanada domin kayan ɗakin 'yata. Ka ga ke nan idan na yi zaɓen tumun dare, asarar biyu ce.

Inji biyu aka ɗora mini a kan sikeli. Na farko irin wanda ya mutu ne, wato 22R mai shan fetur, mai lita 2.4 da ƙarfin doki wajen 100. Na biyu shi ne 3L mai shan dizal, wanda direbobi ke kira gas, mai lita 2.8 da ƙarfin doki wajen 90. Samarin tasha suka yi mini caa, suka ce yaya mai hankali zai ƙara kuɗi ya sayi abin da dawakinsa ba su kai ba? Ni ma zuciyata ta fi karkata ga na fetur, domin na saba da shi, ya fi araha, kuma ko a ƙauyen ƙayau aka tsaya ba a rasa mai taɓa kafireta.

Sai na tafi wurin Kawuna, wanda ya fara tuƙi tun zamanin Peugeot 404, kafin ma a buɗe kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna a 1975. Na ce, "Kawu, shawara na zo nema." Ya saurare ni tsaf, sa'an nan ya ce, "Ɗana, sukuwa za ka yi da ita ko dako?" Na ce dako. Ya ce, "To, don me kake tambayar doki? Tambayi jaki. Kawo takarda mu yi lissafi."

Ga yadda lissafin ya kasance. Zuwa da dawowa, haɗe da shige-shigen ƙauyuka, nakan ci kilomita 280. Tsohon injina da lodi yakan yi kilomita 7 da lita guda, wato lita 40 ke nan. Wani abokin sana'ata mai injin dizal, hanyarmu ɗaya, lodinmu ɗaya, yakan yi kilomita 10 da lita, wato lita 28. Ashe idan ana sayar da fetur naira 10, sai dizal ya haura naira 14 kafin mai injin dizal ya fara asara.

A shekarar 2022 wannan lissafi bai ma taso ba, gama a lokacin litar fetur ba ta kai naira 200 ba, dizal kuwa ya haura 700. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur, al'amura suka juya. Kafin ƙarshen 2024 litar fetur ta wuce naira 1,000, ratar da ke tsakaninsa da dizal ta tsuke ƙwarai.

Dalilin tsimin injin dizal kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ba ya aiki da fulogi. Iska yake matsewa kusan ninki 22 har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, alhali na fetur ninki 9 yake matsewa. Bugu da ƙari, litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi. Shi ya sa yake ba da ƙarfin jansa tun bai yi kuka sosai ba, na fetur kuwa sai an taka totur an rage giya kafin ya ja kaya a hawa, a nan ne kuma tanki ke ƙonewa.

Na rufe ido na sayi na dizal. Kada mai karatu ya zaci daɗi zalla na sha. Sai da aka sauya mazaunin inji, da ƙwaryar da ke haɗa shi da giyabos, aka sa babban batir, aka wanke tanki, har kuɗin ya zarce abin da na ƙiyasta, ala tilas aka ɗaga biki da wata uku. A kan kwalta kowa wuce ni yake yi. Rannan kuma na sha gurɓataccen mai a bakin hanya, nozul suka lalace, na kwana biyu ina neman wanda ya iya gyaran famfo. Ga bel ɗin taimin da dole a sauya shi duk kilomita 100,000, in ya tsinke inji ya tafi, alhali 22R sarƙa gare shi.

Duk da haka, ranar da na koma hawan nan da cikakken lodi, motar ta haye a giya ta biyu, ba ta ko yi nishi ba. Rarar mai kuma ita ta cike giɓin kayan ɗaki, aka kai yarinya ɗakinta lafiya.

Ba na cewa kowa ya bi sawuna. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari take, kayansa ba nauyi, ko yake da niyyar komawa iskar gas ta CNG, injin fetur ya fi masa. Abin da nake kira ga 'yan'uwa direbobi shi ne, kafin a biya kuɗi a auna nauyin kaya, da irin hanya, da nisan bakanike, sa'an nan a riƙa sabunta lissafi, domin farashin mai ba ya zama wuri ɗaya. Allah Ya kiyaye hanya, amin.