Takardar Inna

Kafin zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020, na yi watanni ina kira a gidan rediyonmu na Damagaram: jama'a, a fito a yi rajista. Tun 2011 rabon Nijar da zaɓen kansiloli, ni kuwa sai faɗa nake wa mutane, kamar lalaci ne kaɗai ya zaunar da su.

Ran nan wata mata ta bugo waya daga wajen Mirriya. "Malam, da me za mu yi rajistar? Ba mu da takardar haihuwa." Na karanto mata abin da ke rubuce a gabana, na saka waƙa.

Da dare na tambayi Inna ina tata takardar. Ta yi dariya, ta ce a ɗaka aka haife ta, shekarar fari, wa zai rubuta? Ashe uwar mai shelar ma ba ta cikin lissafi. Kunya ta rufe ni.

Washegari na sauya shirin. Na koma sanar da ranar da alƙalai za su sauka kowane gari su ba da takarda kyauta, da shaidun da ake zuwa da su. Inna kuwa a bayan babur na kai ta. Sai la'asar layi ya iso kanmu.