Lahor da Niyok: Birane Biyu a Zanen Salman Toor

Birnin Lahor yana gefen kogin Ravi, a lardin Panjab na ƙasar Pakistan, kuma tazararsa da iyakar Indiya ba ta wuce mil ashirin ba. Baƙon da ya nufi tsohon gari, abin da zai fara cika masa ido shi ne Masallacin Badshahi na jan dutse, wanda Sarki Aurangzeb ya kammala cikin 1673. Daura da shi ga fadar sarakunan Mugal, can cikin lunguna kuwa ga Masallacin Wazir Khan, bangonsa duk zanen furanni. Sarakunan nan sun riƙe masu zane a fada kamar yadda ake riƙe mawaƙa, shi ya sa zane ya zama gadon garin.

A wannan birni aka haifi Salman Toor cikin 1983, a gidan Musulmi. An sa shi Kwalejin Aitchison, watau makarantar maza wadda Turawan Ingila suka kafa cikin 1886 domin 'ya'yan sarakuna da masu hali. A nan ya sha tsokana, don ɗabi'unsa ba irin waɗanda ake so a ga namiji da su ba ne, sai zane ya zame masa mafaka. Da ya girma ya bayyana wa duniya cewa shi yana cikin mazan da ke son maza 'yan'uwansu. To, a Lahor wannan ba maganar da ake yi a fili ba ce. Ban da hanin addini da idon jama'a, akwai sashe na 377 na dokar laifuffuka ta 1860, wadda Pakistan ta gada daga mulkin Ingila. Kotun Ƙoli ta Indiya ta kawar da hukuncin daga kan manya da suka yarda da juna cikin 2018, amma a Pakistan yana nan daram.

Neman ilmi ya kai shi Amurka. Ya gama Jami'ar Ohio Wesleyan cikin 2006, kana ya sami digiri na biyu a makarantar Pratt ta birnin Niyok cikin 2009. Da fari gwanayen Turai na dā ya riƙa koyi da su, irin su Rubens da Van Dyck, har hannunsa ya faɗa. Daga baya ya juya ga zana mutanen da ya sani.

Niyok ɗin da ke cikin hotunansa ba na dogayen benaye ba ne. Na ƙananan ɗakunan haya ne da mashayu, irin na unguwar East Village, inda samari 'yan asalin Pakistan da Indiya kan taru bayan faɗuwar rana. Yakan zana su sirara, masu dogon hanci, wannan yana rawa, wancan ya zuba wa wayarsa ido, kuma kusan ko'ina kore ne ya rufe ɗakin, launin da aka san shi da shi. Hoton da ya sa wa suna Abokai Huɗu, na 2019, irin wannan dare ya nuna.

Amma fa Niyok ma ba ta sakar musu mara gaba ɗaya ba. Tun bayan harin ran 11 ga Satumba, 2001, Musulmi baƙo mai duhun fata ya zama abin zargi a filayen jirgin sama na Amurka, ba ruwan mai bincike da abin da ya raba shi da gida. Ga irin waɗannan samari abin ya zama gaba kura, baya siyaki.

Gidan adana zane na Whitney da ke Niyok ya baje hotunansa goma sha biyar daga Nuwamba, 2020, na Baltimore ya biyo baya cikin 2022, shekarar da aka sayar da Abokai Huɗu a gwanjo fiye da dala miliyan guda. Har ila yau shi ya yi zanen littafin Jungle Nama na marubucin Indiya Amitav Ghosh cikin 2021.

Mai son ganin biranen nan biyu gefe da gefe, sai ya dubi wasu hotuna biyu da ya yi cikin 2019. A ɗaya, 'yan sanda sun tare samari biyu da motarsu cikin dare, irin tarewar da ake yi a hanyoyin ƙasarsu. A ɗayan, wani saurayi ne tsaye gaban teburin bincike, an zube 'yan tarkacensa a kai, man shafawa da abin cajin waya, yana jiran a ce masa ya wuce.